Zuba kankare a kan benen katako: sharhi kan aikin da ake tallatawa a Garwa da Marwa

A Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Kusiri da Njamena, ana samun shaguna da ɗakunan ajiya da gidajen da benensu na katako ne: a jera azara daga bango zuwa bango, a shimfiɗa falankai a kai, a bi da ƙusa. Ƙorafin masu irin wannan bene kusan iri ɗaya ne, wato rawa. Yaro ya ruga a sama, kwanukan cikin kabad su hau ƙara, fankar silin da ke ƙasa ta riƙa lilo, baƙo kuma ya riƙa taku a ɗarare ko da katakon lafiyarsa ƙalau. Maganin da magina da ƙananan 'yan kwangila ke tallatawa shi ne a zuba kankare mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kan falankan.

Hukuncinmu tun daga farko: aikin ya cancanci kuɗinsa idan an ɗaure kankaren da azara da mahaɗi na gaske, wato abin da ke riƙe su tare don kada su zame a kan juna, an kuma tokare benen daga ƙasa kafin zubi. Idan aka tsallake waɗannan biyun, abin da mai gida ya saya shi ne nauyin tan uku da ɗoriya a kan katakon da dama yana kuka, kuma a ɗaki mai faɗi girgizar na iya fin ta da damun mutane.

Dalilin yana cikin yadda bene ke kaɗawa. Kowane bene yana da saurin kaɗawar da ya saba da shi, ana ƙirga shi da sau nawa yake hawa da sauka a daƙiƙa ɗaya, abin da injiniyoyi ke rubutawa Hz. Abu uku ne ke yanke wannan sauri: taurin benen, nauyinsa, da tsawon azara tsakanin bango da bango. Tauri yana ɗaga shi, nauyi yana saukar da shi, tsawo kuwa yana saukar da shi da gaggawa, domin idan tsawon ya ninka biyu saurin kaɗawar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Mutum yana yin taku kusan biyu a daƙiƙa, amma kowane taku yana ɗauke da ƙananan bugu masu saurin ninki biyu, uku da huɗu na wannan, wato har zuwa wajen 8 Hz. Idan saurin kaɗawar bene ya faɗo cikin wannan zango, taku na biyu yana iske girgizar taku na farko bai mutu ba, sai ya ƙara mata ƙarfi, kamar yadda ruwan bokiti ke fara fallatsa idan takun mai ɗauke da shi ya dace da kaɗawar ruwan. Ƙari a kan haka, jikin ɗan Adam ya fi jin girgizar sama da ƙasa tsakanin 4 da 8 Hz. Saboda haka ne ƙa'idar ginin katako ta Turai, Eurocode 5 ta 2004, wadda injiniyoyin da suka yi karatu a tsarin Faransa suka sani, ta ce benen gidan zama ya kasance sama da 8 Hz, in ba haka ba sai an yi masa bincike na musamman. Ta kuma sa a duba wani abu dabam: milimita nawa bene ke lotsawa idan aka ɗora nauyin kusan kilo 100 a wuri ɗaya a tsakiyarsa. Wannan lotsawar ita ce mutum ke ji a tafin ƙafarsa.

Bari mu ɗauki ɗaki ɗaya mu bi shi da lissafi, domin a nan ne bambancin ayyukan ke fitowa fili. Ɗakin mita 4.5 ne a mita 5. Azara tana ƙetare mita 4.5, kowace santimita 8 a 20, an jera su da tazarar santimita 50, guda 11 ke nan. Falankai santimita 2.5. Katakon mai tauri ne irin iroko, amma mun lissafa shi da taurin 11,000 N/mm², ma'aunin da injiniyoyi ke auna taurin katako da shi, ƙasa da taurin iroko na gaske, don barin rara. Da silin da komai, nauyin benen kusan kilo 50 ne a kowace murabba'in mita. Lissafi yana ba da kusan 12 Hz. A takarda ya wuce 8, amma azara ɗaya ita kaɗai tana lotsawa fiye da milimita 3 a ƙarƙashin kilo 100, kuma falankai ba sa raba nauyin ga maƙwabtanta sosai. Bene ne mara nauyi, duk taku yana motsa shi. Wannan shi ne benen da ake kawo ƙararsa.

Aiki na farko da ake sayarwa, wanda ya fi araha kuma ya fi sauri, shi ne a shimfiɗa leda, a ɗora ragar rodi, a zuba kankare santimita 6, shi ke nan. Kankare mai rodi yana da nauyin kusan kilo 2,500 a kowace mita kubik, don haka santimita 6 kilo 150 ne a murabba'in mita. Nauyin benen ya tashi daga 50 zuwa 200, ninki huɗu. Taurin kuwa bai ƙaru da ko rabi ba, domin kankaren yana lanƙwasa shi kaɗai, azara tana lanƙwasa ita kaɗai, suna zamewa a kan juna. Saurin kaɗawa ya sauko zuwa wajen 7 Hz, idan kankaren ya tsattsage kuma ya doshi 6. Mai gida zai ji sauyi a makon farko, gaskiya ne: ƙarar falankai ta mutu, taku ɗaya ba ya motsa benen kamar da, saboda nauyi da kuma yadda kankaren ke raba kaya ga azara da dama. Amma mutum ya yi tafiya mai tsawo a ɗakin da sauri, ko yara su yi tsalle tare, sai a ji wani lilo mai nauyi a hankali wanda ke daɗewa bai tsaya ba. Idan ɗakin mita 5.5 ne maimakon 4.5, wannan aiki yana kai benen ƙasa da 5 Hz. Ba mu ba kowa shawarar ya biya kuɗin wannan.

Aiki na biyu shi ne wanda ya fi yaudara, domin ana ganin kamar an yi abin da ya dace. Kafinta yana bin layin azara yana buga manyan ƙusoshi a tsaye, duk santimita 20, ya bar kawunansu a waje don kankare ya kama. Tunanin daidai ne, kayan aikin ne ba su kai ba. Ƙusa mai kaurin milimita 5 da ke tsaye tana lanƙwasa ne idan kankare da katako suka so zamewa, balle ga falanki santimita 2.5 a tsakani wanda ba ya riƙe ta da ƙarfi. A lissafinmu taurin ya ninka biyu da ɗan wani abu, nauyi ya ninka huɗu, sakamakon kusan 9 Hz. Ya tsallake iyaka da ƙyar a ɗakin mita 4.5, ya faɗi ƙasa da ita a na 5.5. Bayan haka ramin ƙusa yana buɗewa a hankali yayin da katako ke bushewa, ɗan riƙon da ake da shi ya ragu.

Aiki na uku shi ne na gaske, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. An yi rajistar fasahar haɗa katako da kankare a Jamus tun 1922, an daɗe ana gyara tsofaffin benaye da ita a Italiya, a 2012 aka gina bene mai hawa takwas da irin wannan daɓe a garin Dornbirn na Ostiriya, a 2021 kuma Turai ta fitar da ƙa'idarsa ta musamman, CEN/TS 19103. Asalin dabarar ita ce a hana zamewa. Idan aka hana ta, kankare da ke sama yana ɗaukar matsi, wanda shi ne ƙarfinsa, katako da ke ƙasa yana ɗaukar ja, wanda shi ma ƙarfinsa ke nan, su biyun su zama azara ɗaya mai zurfin santimita 28.5 maimakon 20. Da za a iya manne su gaba ɗaya ba zamewa ko kaɗan, taurin ɗakinmu zai ninka bakwai da rabi. Da sukurori masu tsawo da aka ɗaura a karkace bibbiyu, ɗaya ta kwanta gaba ɗaya baya, ana samun kusan ninki biyar. Nauyi ninki huɗu, tauri ninki biyar: saurin kaɗawa ya koma wajen 13 Hz.

Mai karatu zai ce daga 12 zuwa 13 ai ba wani ci gaba ba ne. Wannan shi ne wurin da mutane da yawa, har da wasu masu sayar da aikin, ke kuskuren fahimta. Ribar ba a saurin kaɗawa take ba, shi dai an kare shi daga faɗuwa. Ribar tana wurare uku. Lotsawar azara ɗaya ta sauko daga sama da milimita 3 zuwa kusan 0.65, kuma tunda kankaren yana raba nauyi ga azara uku ko huɗu, abin da ƙafa ke ji bai kai rabin milimita ba. Na biyu, bugun dunduniya ɗaya yanzu yana ƙoƙarin motsa nauyin da ya ninka huɗu, don haka motsin da yake haifarwa ƙarami ne. Na uku, girgizar tana saurin mutuwa: ƙa'idar Eurocode 5 ta 2004 tana lissafa benen katako zalla da kashi 1 cikin 100 na ƙarfin kashe girgiza, shi kuwa haɗaɗɗen katako da kankare ana lissafa shi da kashi 2 zuwa 3. Waɗannan ukun tare su ne ke sa mutum ya taka benen ya ji kamar ƙasa yake takawa. A ɗakin mita 5.5 ma wannan aiki yana riƙe benen a wajen 9 Hz.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara game da rodi: ƙara rodi a cikin kankaren ba ya rage girgiza. Ana yawan ce wa mai gida a sa masa rodi mai milimita 10 ko 12 a maimakon raga don benen ya ƙara ƙarfi. A haɗaɗɗen bene kankaren a matse yake, kuma ragar tana kusa da tsakiyar kaurinsa, inda ba ta ƙara tauri a tsawon azara sai kaɗan ƙwarai. Aikinta biyu ne: ta riƙe tsagar bushewa kada ta buɗe, ta kuma taimaka wa kankaren ya raba kaya daga azara zuwa azara. Rodi mai milimita 5 ko 6 da tazarar santimita 15 ta kowane ɓangare ya wadatar. Kuɗin manyan rodi gara a kai shi wajen mahaɗi.

Mahaɗin kansa iri uku ne da za a iya samu. Akwai waɗanda aka ƙera don wannan aiki takamaimai, kamar sukurorin SFS VB da mahaɗan Tecnaria na Italiya, masu takardar da ke nuna ƙarfin kowane ɗaya. Su ne suka fi sauƙin lissafi, amma sai an yi odarsu daga waje, kuma adadin ba kaɗan ba ne. A ɗakinmu ana sa bibbiyu duk santimita 12 a rubu'in farko da na ƙarshen azara, inda zamewa ta fi ƙarfi, da duk santimita 24 a tsakiya. Kusan 56 ke nan a kowace azara, sama da 600 a ɗakin. Wanda ya kawo kwali ɗaya mai guda 200 ya ce ya isa, bai yi lissafi ba. Sannan a katako mai tauri irin iroko ko sapeli dole a fara huda rami da siririn bakin dirila, in ba haka ba sukurun ya karye ko azarar ta tsage. Iroko kuma yakan ɓoye ƙullutun farar ƙasa mai tauri a cikinsa da ke dakushe baki, don haka a tanadi bakuna da dama.

Na biyu shi ne guntayen rodi 10 ko 12 da ake lanƙwasa kansu a dasa a ramin da aka huda a azara, zurfin aƙalla santimita 10, da gam mai ƙarfi irin na epoxy. Yana aiki idan ramin ya matse kuma an busa ƙurarsa. Idan ramin ya yi faɗi ba gam, rodin yana wasa a ciki, kuma wasan milimita ɗaya ya isa ya kashe amfanin, domin girgiza motsi ne da bai kai milimita ba. Mahaɗin da sai ya motsa kafin ya kama bai san ana girgiza ba ma.

Na uku, wanda muka fi so wa wannan yanki, shi ne gurbi. Ana yanke falanki a kan layin azara, a sassaƙa gurbi a bayan azarar da zarto da kurfi, zurfin santimita 2 zuwa 2.5, tsawon aƙalla santimita 15, a dasa babban sukuru mai kan noti a tsakiyarsa don kada kankaren ya ɗago. Idan aka zuba, kankare yana cika gurbin ya zama haƙori. Gurbi huɗu zuwa shida a kowace azara, an fi matso da su wajen bango, suna ba da taurin da ya fi na sukurori. Ba ya buƙatar komai daga waje, kowane kafinta mai hannu zai iya. Sharuɗɗansa su ne bangon gurbin da ke ɓangaren ƙarshen azara ya tsaya cak a miƙe, a bar katako aƙalla santimita 20 zuwa 25 tsakanin gurbin farko da ƙarshen azara don kada ya ɓare, kada a sassaƙa inda akwai ƙulli ko tsaga, kuma tsakuwa ta iya shiga gurbin. Aibinsa shi ne yana cin lokaci, kuma yana rage zurfin azara kafin kankare ya kama, wanda ya sa tokara ta zama wajibi.

Tokara ita ce abu na biyu da ake gane mai aikin kirki da shi. Ɗanyen kankare ba ya ɗaukar komai, kaya ne kawai. A ɗakinmu yana lotsar da azara kusan milimita 7, sai magini ya ga tsakiya ta yi kwari ya ƙara kankare don ya daidaita, nauyi ya ƙaru, ta ƙara lotsawa. Idan ya daskare a haka, katako ya riga ya ɗauki dukan nauyin shi kaɗai har abada, zai kuma ci gaba da sunkuyawa shekara da shekaru. Ana sa layin tokara ɗaya a tsakiya ga ɗakin da bai wuce mita 4.5 ba, biyu ga wanda ya fi, a kan katakon da aka shimfiɗa a ƙasa, a ɗan ɗaga tsakiyar da milimita 5 zuwa 10. Ba a cirewa sai bayan kwana 21 aƙalla, 28 ya fi. Mai shagon da ke ƙasa zai yi ƙorafin an tare masa wuri wata guda, kuma a nan ne ake yawan karya doka a cire a kwana bakwai. A yi wannan magana da shi kafin a fara.

Kayan zubi na ɗakin ba su da yawa. Kankare mita kubik 1.35 ne. A ma'aunin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, buhu 10 ke nan masu kilo 50, da yashi kusan baro 9, tsakuwa baro 18, idan baron mai lita 60 ne. Siminti ba matsala ba ne, ga masana'antar Cimencam a Figil tsakanin Garwa da Marwa, a Cadi kuma ga ta Baore kusa da Pala. Yashin Binuwai da na mayo-mayon Marwa yana da kyau idan an tankaɗe shi an kauce wa mai laka. Tsakuwa kada ta wuce milimita 15, domin mai milimita 25 ba ta shiga ƙarƙashin raga a kaurin santimita 6, tana barin ramuka daidai inda mahaɗi ke buƙatar kankare mai ƙarfi. Ruwa kada ya wuce lita 25 a buhu, har da wanda ke cikin jiƙaƙƙen yashi. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin hawa da shi sama a kwanon sarki, amma duk ruwan da ya yi yawa zai fita daga baya, kankaren ya tsuke ya tsage, kuma tsukewar kankaren da ke ɗaure da katako tana jan benen ya lotsa ƙasa. Raga a ɗora ta a kan 'yan guntayen siminti masu santimita 2, ta kasance ƙasa da kawunan mahaɗi, kada a bar ta kwance a kan leda.

Ledar ma tana da aiki biyu. Tana hana katako shan ruwan kwaɓi, tana kuma hana ruwan katako shiga siminti, domin wasu itatuwan suna fitar da sinadaran da ke jinkirta kamawarsa, a tarar da ƙasan kankaren ya zama gari. A gurbi, inda ba a son leda ta naɗe, ana shafa fenti ko man hana ruwa.

Yanayinmu yana ƙara wahalar da littattafan Turai ba su damu da ita sosai ba. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Njamena yana wuce digiri 40, a lokacin hunturu kuma iska ta bushe ƙarau. Kankare mai santimita 6 siriri ne, yana iya rasa ruwansa cikin 'yan sa'o'i. A yi zubi da sassafe ko bayan la'asar, a rufe tagogi, a lulluɓe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhuna da zarar ya fara kamawa, a riƙe shi da danshi kwana bakwai. Ba a tare ruwa a kai kamar yadda ake yi wa dal, wato daɓen kankare, na yau da kullum, saboda akwai katako a ƙasa. Shi kuma katakon yawanci daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake zuwa, ta Belabo da Ngaundere, sau da yawa da sauran ɗanyantaka. Idan ya iso arewa yana bushewa ƙwarai, ya tsuke a faɗinsa da kaurinsa. A tsohon bene wannan ya riga ya wuce, abin farin ciki ne. A sabon gini kuwa, idan aka zuba kankare a kan ɗanyen katako, falankin da ke tsakani zai tsuke ya bar rata, mahaɗi su saki, benen da ya yi shiru a damina ya fara ƙara a watan Janairu. A auna danshin katakon da na'ura, ya kasance ƙasa da kashi 15 cikin 100, ko a jinge shi a inuwa ya ga rani ɗaya.

Irin katakon ma abin dubawa ne. Ayus, farin katakon da ya cika kasuwa saboda araha, taurinsa bai wuce kusan 7,000 N/mm² ba, ba ya riƙe sukuru da kyau, gara kuma tana son sa. A bar shi wajen katakon zubi. Iroko da sapeli suna tsakanin 12,000 da 14,000, tali ya fi haka. Azarar giginya ta gargajiya tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta da siffa ɗaya, tana tsagewa a bin zarenta idan aka huda ta, kuma ba ta da shimfiɗaɗɗen bayan da za a sassaƙa gurbi. Ba mu ga hanyar da za a ɗaure ta da kankare a amince ba.

Babban haɗarin da ya fi girgiza muni shi ne kan azara da bangon da take zaune a kai. Kafin a yi maganar siminti, a buɗe kan kowace azara a soka masa tsinken ƙarfe. Gara tana cin ciki ta bar fata, kuma da zarar an rufe da kankare ba mai sake gani. A ɗakinmu, da mutane da kaya kilo 150 a murabba'in mita, kowane kan azara yana sauke kusan kilo 225 a bango kafin aiki, bayan aiki kusan 400. Bangon bulo mai ɗamarar kankare a ƙarƙashin azara zai ɗauka. Bulo mai rami ba ɗamara yana iya murƙushewa a daidai wurin zaman. Bangon ƙasa kuwa, na tubali ko ɗanyen bulo, ba a ɗora masa wannan kaya sai injiniya ya duba shi da tushensa. A nan aikin yana da ɗan fifiko a kan rushe benen a zuba na bulon urdi mai 16 da 4, wato bulo mai rami na santimita 16 da kankare santimita 4 a kai, wanda nauyinsa ke kusan kilo 280 a murabba'in mita: kilo 200 ya fi sauƙi ga tsohon bango, kuma ba a taɓa silin da wayoyin ƙasa sosai.

Ta fuskar ƙara, nauyin yana rage jin magana da rediyo tsakanin sama da ƙasa sosai. Ƙarar takalmi da jan kujera kuwa tana ratsa kankare da tayil kai tsaye, sai an sa shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin tayil ɗin ko darduma a sama.

Abin da ya fi rauni a yadda ake sayar da wannan aiki shi ne rashin gwaji. Ana karɓar kuɗi a kan buhunan siminti da faɗin ɗaki, ba a kan sakamako ba, alhali gwajin yana hannun kowa. Wayar salula tana da na'urar jin motsi, kuma manhajar phyphox ta jami'ar Aachen a Jamus kyauta ce. A kwantar da wayar a tsakiyar ɗaki, mutum ya tsaya kusa da ita a kan yatsunsa ya saki dunduniya da ƙarfi, a maimaita sau biyar, a karanta inda layin saurin kaɗawa da manhajar ke zanawa ya fi tsini. Wannan shi ne saurin kaɗawar benen. Don lotsawa kuma, a kafa sanda daga ƙasa har ta kusa taɓa azarar tsakiya, a ɗora buhun siminti biyu a wuri ɗaya a sama, a auna yadda ratar ta ragu da siraran ƙarafan auna rata na makanikai. A yi duka biyun kafin aiki, a rubuta, a sake bayan an cire tokara. Yarjejeniyar da ta dace ita ce a rubuta cewa benen zai kasance sama da 8 Hz, lotsawa ƙasa da milimita ɗaya, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gwada. A kuma nemi ganin mahaɗan da ido a ƙirga su kafin zubi, a ɗauki hoto, domin bayan zubi ba wanda zai iya bambance aiki na biyu da na uku.

Akwai kuma benayen da ba sa buƙatar kankare sam. Idan ɗakin da ke ƙasa zai jure ginshiƙi ko ƙarfen ƙetare a tsakiya, raba tsawon azara biyu yana ɗaga saurin kaɗawa har kusan ninki huɗu, muddin ƙarfen da kansa mai tauri ne, ba tare da an ƙara wa bango nauyin kankare ba. Idan ɗakin bai kai mita 3.5 ba, sau da yawa guntayen katako da aka matse tsakanin azara a layi biyu, da filawud mai milimita 18 da aka manna da gam aka ɗaure da sukuru duk santimita 15, sun isa su kashe rawar. Kankaren da aka ɗaure yana nuna amfaninsa ne tsakanin mita 4 da 6, a kan katako busasshe mai lafiya da bango mai ɗamara. Daga mita 6 zuwa sama, azara mai santimita 20 ta yi kaɗan ko da an ɗaure ta da kyau, sai an sake lissafi da katako mai zurfin 25 ko 30.